Tarihin Masu Hidima Daga Ƙasar Hausa a Madinatu Kaulaha

 

Idan ana bayar da tarihin Faila a ƙasar Hausa, an saba a ambaci haɗuwar Maulana Shehu Ibrahim Inyass (R.T.A.) da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, sannan zuwan Shehu Kano a tsakiyar shekarun 1940, da babbar ziyararsa ta 1951 wadda jama'a suka yi dafifi dominta. Daga nan sai a jero manyan malaman da suka sallama masa, irin su Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, da Shehu Abubakar Atiku Sanka, da Shehu Sani Kafinga, da Shehu Umaru Falke, Allah Ya ƙara musu yarda. Wannan kuwa haƙƙinsu ne. Sai dai akwai wata jama'a da alƙalami bai cika tsayawa a kanta ba, wato almajiran da suka bar gida da dangi suka tare a Madina shekara da shekaru, ba albashi, ba alkawarin muƙami, suna hidima suna karatu.

Madinar da na farkonsu suka tarar sabuwar unguwa ce a gefen Kaulaha. Shehu ya bayyana Faila a 1929 a ƙauyen Kosi, gonar gidansu, kuma a farkon shekarun 1930 ya kafa Madina tare da almajiransa. Kaulaha gari ne na gishiri da gyaɗa a bakin kogin Salum, tafiyar kusan kilomita 190 daga Dakar. Zafinsa sananne ne ko a cikin Sinigal, ruwan rijiyoyinsa kuma da ɗanɗanon gishiri, wanda baƙo kan daɗe bai saba da shi ba.

Isa can ma jarrabawa ce. A zamanin Turawa Bakano kan hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya jira jirgin ruwa mai zuwa Dakar, daga can ya gangara Kaulaha. Wanda guzurinsa bai kai ba sai ya bi ta tudu, ya ratsa Nijar da ƙasar Mosi zuwa Bamako, inda jirgin ƙasan Dakar yake tasowa. Yakan yada zango a garuruwan da Hausawa 'yan kasuwa suke, ya yi ɗinkin hula ko rubutun allo ya sami na mota, sannan ya ƙara gaba. Ga kuma sha'anin takardu, domin mutumin da ya fito daga mulkin Ingilishi ya shiga mulkin Faransa abin tuhuma ne, musamman da yake hukumomin Faransa suna sa ido ƙwarai a kan zirga-zirgar malamai da almajiransu.

Da an isa, abu na farko da ke gaban baƙo shi ne harshe. Mutanen gari Wolof suke yi, ga Larabawan Muritaniya, ga Fulanin Futa, ga Yarabawa da mutanen Gana. Larabcin littafi, wanda a gida ba a cika magana da shi ba sai a zaure wurin fassara, shi ya koma harshen tambayar hanya da neman ruwan alwala. Da yawa daga almajiranmu a nan bakinsu ya buɗe da Larabci, kuma wannan riba ce da ƙasar Hausa ta ci ba tare da an lissafa ta ba. Shehu kansa ya saba yin tafsirin Ramadan da Wolof, amma a 1964 ya gabatar da shi da Larabci, kuma daga wannan karatun ne aka fitar da littafin Fi Riyadit Tafsir.

Yini a Madina yana tafiya ne a kan salloli biyar da awradi: lazimi safe da yamma, wazifa cikin jama'a, zikirin Juma'a kafin faɗuwar rana. Tsakanin waɗannan kuwa aiki ne. Wani rabonsa jan ruwa, wani faskare, wani sharar masallaci da shimfiɗa tabarmi, wani ɗaukar akussa zuwa masaukin baƙi, domin gidan Shehu ba ya rabuwa da baƙi dare da rana. Da damina a fita gona noman gero da gyaɗa, waɗanda da su ake ciyar da wannan taro. Abinci a babban kwano ɗaya ake ci, mutum da yawa a kewaye: da rana shinkafa da kifi, da dare dambun gero da suke kira cere, wani lokaci kuma lah, wato kunun gero mai kauri da nono, wanda shi ne ya fi kusa da furar gida. Malamin da a garinsu ake ɗauke masa takalmi, a nan sai ka same shi da tulu a kafaɗa. Masu tarbiyya sun san dalili: girman kai ba ya fita da karatu kaɗai, kuma zuciyar da ba a sassaƙe ta da hidima ba, da wuya ta ɗauki abin da ake zuba mata.

Akwai wata hidimar da ta fi sauran barin alama, ita ce ta alƙalami. Kafin ɗab'i ya yawaita, da hannu ake kwafe littattafan Shehu da wasiƙunsa, matafiya su ɗauko su cikin gafaka zuwa Kano da Zariya da Barno, a sake kwafewa a zawiyoyi. Daga irin waɗannan takardu ne Shehu Ahmad Abul Fathi na Maiduguri ya tattara Jawahirur Rasa'il. Wanda duk ya buɗe wannan littafi yau, yana cin gajiyar hannayen da ba a rubuta sunayen mafi yawansu ba.

Waɗansu daga cikin mazauna Madina sun komo gida da izini, garuruwansu suka haskaka da su. Shehu Abubakar Hashim ya yi zaman karatu da hidima a wurin Shehu, aka aura masa 'yarsa Sayyida Ummul Khairi, ya koma Kiyota a ƙasar Nijar, garin ya zama matattarar Mauludi da ake zuwa daga ƙasashe da dama. Ya rasu a 2004. Waɗansu kuwa sun dawo shiru, suka buɗe makarantar allo a ƙofar gida. Waɗansu ba su dawo ba sam: sun yi aure a can, 'ya'yansu suka tashi da Wolof a baki, kaburburansu suna ƙasar Salum.

Shehu ya yi wafati a Landan a 1975, aka kawo shi Madina aka rufe. Zaman hidima bai yanke ba. Ya ci gaba a hannun Sayyidi Aliyu Sise har rasuwarsa a 1982, da Halifa Alhaji Abdullahi Inyass, da Imam Hasan Sise, wanda a zamaninsa baƙaƙen fatar Amurka suka riƙa turo 'ya'yansu haddar Alƙur'ani, suka zauna kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan Hausawa, har ya rasu a 2008. Abin da ya sauya shi ne tafiya. Jirgin sama ya mai da tafiyar makonni ta zama ta yini guda, jirgin fasinja na Bamako zuwa Dakar ya daina aiki, hanyar mota ta Burkina Faso da Mali kuma rashin tsaro ya sa ta yi nauyi. Masu ziyarar Mauludi, wanda mutanen can ke kira Gamu, sun ninka na da nesa ba kusa ba, amma mafi yawansu kwanaki kaɗan suke yi su juyo, alhali na farko da shekaru suke ƙirga zamansu.

Dattawan da suka ja ruwa a gidan Shehu da hannunsu saura ƙalilan, kuma kusan kowace zawiya a Kano, Zariya, Gusau, Damagaram da Kumasi tana da nata, ko tana da 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu. Ya kamata muƙaddamai su sa a zauna da su a rubuta: wace shekara suka tafi, ta wace hanya, a gidan wa suka sauka, wane aiki aka ba su, kuma wane littafi suka sauke a gaban wa.