Makbes na Tarihi da Makbes na Wasa

A arewa da Ingila akwai wata ƙasa mai duwatsu da tafkuna da tsananin sanyi, ana ce da ita Sikotilan. A can aka yi wani sarki wai shi Makbes, wanda ya hau gado cikin shekarar 1040, ya yi shekara 17 yana mulki, sa'an nan aka kashe shi a fagen yaƙi. Sarakunan da suka gabace shi da waɗanda suka biyo bayansa, galibinsu ba mai tunawa da su sai masu bin diddigin tarihi. Shi kuwa sunansa ya game duniya. Amma da zai tashi daga kabari ya ji abin da ake faɗa game da shi, ina tsammani da ya gwammace a manta da shi kamar sauran. Abin da ya jawo masa wannan kuwa, wajen shekara 550 bayan mutuwarsa wani marubucin Ingila, Wiliyam Shekisfiya, ya ɗauki sunansa ya gina wasan kwaikwayo a kai. Irin wasan nan shi ake kira na ban tausayi, watau wanda za a nuna babban mutum mai daraja, a bi shi sannu sannu har a ga yadda wani aibi nasa ya kai shi ga halaka.

Bari mu fara da mutumin na ainihi. A zamanin nan sarautar Sikotilan ba lalle ba ne ɗa ya gaji uba. Zagayawa take yi tsakanin rassan gidan sarauta, kusan yadda ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen sarautar Zazzau, sai dai su can galibi takobi ke zaɓen sarki. Makbes shi ke riƙe da ƙasar More, can arewa, matarsa kuwa, Guruwak, jinin sarauta ce. Sarkin lokacin, Dunkan, saurayi ne, ya gaji kakansa cikin 1034, bai kuwa yi sa'ar yaƙi ba, don ya kai wa birnin Daram na Ingila hari aka koro shi da hasara mai yawa. Cikin watan Agusta na 1040 ya shiga ƙasar Makbes da runduna, aka kara kusa da garin Elgin, a nan ya kwanta dama. Makbes ya ci sarauta. Ƙasa ta zauna masa har ya iya barinta cikin 1050 ya tafi ziyara birnin Rum, inda aka rubuta cewa ya yi wa matalauta rabon kuɗi hannu sake. Mai karatu ya san sarkin da ke tsoron mutanensa ba ya yin doguwar tafiya irin wannan. Shi da matarsa sun kuma ba da filaye sadaka ga wani gidan ibada. Cikin 1054 Siwad, hakimin arewacin Ingila, ya kawo masa yaƙi ya rinjaye shi, bayan shekara uku kuma Malkom ɗan Dunkan ya kashe shi a wani wuri da ake kira Lumfanan.

To, ina aka samo azzalumin nan mai kashe baƙo cikin dare? Shekisfiya ya karanta labarin ne cikin wani babban littafin tarihi na Holinshed, bugun 1587, wanda ya riga ya cakuɗa gaskiya da almara. Ko a can ma an ce Dunkan rago ne, an ce Makbes ya yi shekara goma yana adalci, an kuma ce abokinsa Bankwo da shi aka ƙulla kisan. Duk wannan Shekisfiya ya juya shi. Ya mai da Dunkan dattijo mai alheri, ya wanke Bankwo tas, ya kuma aro labarin wani sarki dabam, wai shi Duf, wanda hakiminsa ya sa aka kashe a gidansa bisa zugar matarsa, ya ɗora wa Makbes.

Dalilin wannan juyi ba boyayye ba ne. Cikin 1603 Sarauniya Elizabet ta rasu ba ɗa, sai Jemis Sarkin Sikotilan ya gaji sarautar Ingila, nan da nan kuma ya ɗauki ƙungiyar 'yan wasan su Shekisfiya ta zama tasa. Gidan su Jemis suna cewa su zuriyar Bankwo ne, ko da yake masana tarihi sun tafi a kan cewa ba a taɓa yin Bankwo ba. Wa zai tsaya gaban sarki ya nuna masa kakansa yana kisan kai? Har wa yau Jemis mutum ne mai tsoron tsafi. Cikin 1590 ya zauna da kansa wajen tuhumar waɗansu mutane da aka ce sun ta da guguwa don su nutsar da jirginsa, cikin 1597 kuma ya wallafa littafi game da matsafa. Kisan sarakuna ma ya san ɗacinsa: an kashe ubansa tun yana jinjiri, an fille wa uwarsa kai, shi kansa cikin Nuwamba 1605 aka gano gangar albarushi 36 a ƙarƙashin zauren majalisa, an shirya a tashe shi da manyan ƙasa gaba ɗaya. Wajen shekara guda bayan wannan aka rubuta wasan. Saboda haka mutanen da suka fara kallonsa ba tatsuniya suka ga ana yi musu ba.

Sai dai in da faranta ran sarki ne kaɗai abin da ke cikinsa, da wasan ya mutu tare da sarkin. Abin da ya raya shi shi ne yadda aka gina Makbes. Kafin ma mu gan shi mun ji yabonsa: jarumi ne, ya tsare wa sarkinsa ƙasa daga 'yan tawaye da mayaƙan Norwe. Yana komowa daga yaƙi tare da Bankwo sai suka gamu da waɗansu matsafa mata uku, suka gaishe shi da sarautar da yake riƙe da ita, da wata hakimcin da bai sani an ba shi ba, suka ce kuma zai zama sarki. Bankwo suka ce shi ba zai yi sarauta ba, amma zuriyarsa za su yi. Ku lura, masu karatu, matan nan ba su ce a kashe kowa ba. Mutum biyu suka ji magana iri ɗaya. Bankwo ya yi zaton tarko ne, ya ja baya. Makbes kuwa gabansa ya faɗi, domin maganar ta taɓa abin da dama yake ɓoye a zuciyarsa.

Wurin da na fi so cikin wasan duka shi ne daren da Dunkan ya sauka a gidansa. Makbes ya bar wurin liyafa, ya tsaya shi kaɗai yana magana da zuciyarsa, mu muna ji. Wannan dabara ce ta masu wasa, a bar mutum ɗaya a dandali ya faɗi abin da ba zai faɗa wa kowa ba. Ya lissafa wa kansa hakkokin da ke wuyansa: sarkin nan ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne kuma, wanda ya kamata ya tsaya bakin ƙofa ya tsare shi. Ya yarda ba shi da wata hujja sai kwaɗayin sarauta. Ya ma yanke shawara ya fasa. Watau ya san laifin sarai, ya auna nauyinsa, sa'an nan ya aikata. Mugun da bai san yana mugunta ba ba ya ba mutum tausayi kamar wannan.

Wadda ta komo da shi kan hanyar kuwa matarsa ce, kuma ba da hujja ta rinjaye shi ba, gori ta yi masa, ta ce ashe shi ba namiji ba ne. Jarumin da bai ji tsoron runduna ba ya kasa jure gorin mace. Ita ta bugar da masu tsaron sarki da giya, ita ta mai da wuƙaƙe ɗakin sa'ad da mijin ya fito da su a ruɗe, ta shafa wa masu tsaron jini. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ai ita ce mai laifin duka. Ni ban yarda ba. Kisa ɗaya kaɗai ta sa hannu a ciki. Na Bankwo bai ko shawarce ta ba, balle na matar Makdaf da 'ya'yansa, wanda ba shi da wani amfani sai huce haushi. Abin mamaki, su biyun nan sai suka yi musayar hali. Shi da ya fara da rawar jiki, har ya ga fatalwar Bankwo zaune bisa kujerarsa a gaban manyan baƙi, sai zuciyarsa ta bushe ƙarau. Ita da ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa ya wanke musu hannu, ga ta ƙarshe tana yawo cikin barci da fitila, tana ta murza hannuwanta, tana tona asirinsu a gaban likita da baiwarta. Da aka kawo masa labarin mutuwarta ko hawaye bai samu ba, sai ya ce rayuwar ma duka ba ta da ma'ana. (A zamanin Shekisfiya mata ba su fitowa dandali, yaro ne ya fito a matsayin wannan mace.)

Akwai kuma gwaninta wajen abin da aka ɓoye wa ido. Ba a nuna kisan Dunkan ba, mu dai muna waje tare da matar, muna kasa kunne. Da rana tsaka ake wasa a gidan wasansu na Landan, ba rufi a tsakiyarsa, saboda haka da baki da 'yan fitilu ake yin dare, amma kusan duk wanda ya karanta wasan duhu yake tunawa. Suna tsaye da jini a hannu sai aka fara buga ƙofar gida, bam, bam, bam. Wanda ya zo buɗewa kuwa wani mai gadi ne bugagge, yana tangaɗi yana wasa wai shi ne mai tsaron ƙofar Jahannama. Masu kallo su yi dariya, alhali sun san gawar sarki na kwance a ciki, dariyar sai ta maƙale musu a wuya. Mai bugun ƙofar nan Makdaf ne, wanda daga bisani zai kashe Makbes.

Da abin ya tsananta, Makbes ya koma wurin matsafan da ƙafarsa. Suka ce ya yi hankali da Makdaf, suka ce ba wanda mace ta haifa da zai iya cutarsa, ba kuma za a ci shi da yaƙi ba sai ran da dajin Birnam ya taso ya zo dutsen Dunsinen, inda ganuwarsa take. Ya ji wannan ya saki jiki. Ashe kowace magana baki biyu gare ta. Malkom ya umarci sojansa kowa ya sari reshe ya riƙe don a ɓoye yawansu, mai tsaro ya duba ya ga daji na tafiya. Makdaf kuma ya gaya masa a bakin daga cewa shi ba haihuwarsa aka yi ba, tsaga cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Nan Makbes ya gane an yaudare shi, amma ya ƙi miƙa wuya, ya ɗaga garkuwa ya yi faɗa har ya faɗi. Jaruntakar da muka fara saninsa da ita, ita kaɗai ta rage masa.

Cikin wasan, da an kawo kansa sai a naɗa Malkom, mulkin da ya yi shekara 17 kuma a ga kamar na 'yan watanni ne. A tarihi ba haka aka yi ba. Da Makbes ya mutu cikin 1057, mutanensa Lulak suka naɗa, agolansa, ɗan da Guruwak ta haifa wa mijinta na fari. Sai da Malkom ya kashe shi shi ma cikin 1058 kana ya sami gadon, ya riƙe har 1093. Wasan kuwa ba a buga shi ba sai 1623, shekara bakwai bayan rasuwar Shekisfiya. Tsofaffin littattafan Sikotilan sun ce a tsibirin Ayona aka binne Makbes, makabartar sarakunan ƙasar, inda aka binne Dunkan.