Tarihin Furotin LTP, Daga Dankalin Turawa Zuwa Garkuwar Tsirrai

A shekarar 1975 wani masanin tsirrai Bafaranshe, Jean-Claude Kader, ya tatso wani ƙaramin furotin daga dankalin Turawa. Da ya sa shi a kwalbar gwaji, sai ya ga yana kwasar maiƙo daga tantanin wani sashen ƙwayar halitta yana kai wa wani sashen. Nan sunansa ya samo asali: furotin mai jigilar maiƙo, LTP a taƙaice. Masana suka ɗauka ɗan dako ne kawai, mai kai da kawowa a cikin ƙwayar halitta.

Sunan ya zauna, amma wannan fahimta ba ta yi ƙarko ba. Da aka karanta tsarinsa, sai aka tarar yana ɗauke da wata alama da ke sa a fitar da shi waje. A 1991 masu bincike a ƙasar Holan suka nuna cewa a tayin karas, ƙwayoyin fatar waje ne ke samar da shi. To, me ɗan dakon cikin gida yake yi a bakin ƙofa? Hankali ya koma kan kakin nan da ke lulluɓe ganye, wanda ke hana shi bushewa, ya sa raɓa ta dunƙule a kansa. Bincike a 2009 ya nuna wani ɗan dangin LTP, mai suna LTPG, yana taimakawa wajen fitar da wannan kaki.

Surar LTP ta dace da aikin. Babban nau'insa bai wuce amino asid 90 da 'yan kai ba, ƙaramin kuma wajen 70. Ƙulli huɗu na sulfa ne suka ɗaure shi tamau, a tsakiyarsa kuma akwai rami inda maiƙo ke zama.

Babin da ya fi jan hankali shi ne na yaƙi da cuta. A 1993 ayarin Francisco García-Olmedo a birnin Madrid ya nuna cewa LTP daga ganyen sha'ir da masara yana hana bakteriya da fumfuna yaɗuwa. An ga irin haka a ƙwayar albasa. A 1999 aka sa dangin cikin jerin furotin ɗin da tsiro ke fitarwa idan cuta ta taɓa shi, da lamba PR-14. Sai a 2002 mujallar Nature ta kawo labarin DIR1, wani ɗan dangin LTP a cikin Arabidopsis, 'yar ciyawar nan dangin kabeji da masana ke gwaji da ita. Idan cuta ta kama ganye ɗaya, sauran ganyen kan samu saƙo su ɗaura ɗamara. Tsiron da ya rasa DIR1 kuwa, ganyensa na nesa ba sa shiryawa. Wannan ya ɗaga darajar LTP ƙwarai, don ya shiga sahun masu kai gargaɗi.

Dangin kuma yana da yawa. A 2008 Freddy Boutrot da abokan aikinsa suka ƙirga ƙwayoyin gado 49 a Arabidopsis, 52 a shinkafa, da kimanin 156 a alkama, suka kasa su gida tara. Wani nazari na 2011 ya same su har a ƙananan tsirrai marasa saiwa da ke kan duwatsu masu danshi, amma bai same su a gansakukar ruwa ba. Shi ya sa ake ganin sun bayyana ne lokacin da tsirrai suka fara rayuwa a tudu.

Taurin da ke amfanar tsiro yana wahalar da wasu mutane. Zafin girki da ruwan ciki ba sa saurin narkar da LTP, don haka yana cikin manyan masu jawo borin jini da kumburi a Italiya da Sifen, musamman Pru p 3 na ɗan itacen fich. Na gyaɗa ana kiransa Ara h 9, na masara kuma Zea m 14.