Kududdufai: Tsohuwar Garkuwar Kano Daga Ambaliya

A zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) Kanawa suka fara gina badala, daga baya Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Ƙasar ginin badala da ta gidaje a kusa ake haƙo ta, ramukan da aka bari kuwa suka zama kududdufai, irin waɗanda suka jeru a gindin ganuwa daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Na'isa. Idan damina ta kankama, kududdufan birni ke tare ruwa, rararsa ta bi Jakara ta fice.

Da jama'a suka ƙaru a ƙarni na 20, sai aka riƙa cike kududdufai da shara, ana gina gidaje da shaguna a kansu. Mamakon ruwan Agustan 1988, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda a kudancin Kano, ya rusa dubban gidaje, ya nuna irin ɓarnar da ruwa ke yi idan ya rasa masauki.

Yau matasan unguwa na yashe magudanai kafin damina, magidanta na jera buhunan yashi a bakin zaure. Hakan na rage asara, amma muddin ana ci gaba da cike sauran kududdufai, ruwan da aka hana masauki ɗakunan talakawa zai nufa.