Bukuru: Garin Kuza Da Tsofaffin Gine-ginensa

Bukuru, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, na ɗaya daga cikin garuruwan da haƙar kuza ta raya. Garin yana da nisan kimanin kilomita 15 kudu da Jos, a ƙasar Birom, kuma har yau mai ziyara zai ga sawun wannan sana'a a tsofaffin gidajensa, da layin dogonsa, da tafkunan da suka kewaye shi.

Kuza ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka ta, fatake kuma suna kai ta kasuwanni. Ganin wannan haja ne ya sa kamfanin Neja ya aiko da masu bincike a farkon ƙarni na 20, daga nan kamfanonin Ingila suka yi ta kwararowa. Ma'aikata kuwa sun zo daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Najeriya, suka zauna a barikokin haƙa irin su Bisichi da Barikin Ladi.

Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, ko a bayan jakuna. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru, ya yi aiki har zuwa 1957 da aka rufe shi. A 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta Kafanchan ya iso yankin. Wannan ne ya mayar da garin matattarar kaya da ma'aikata, har babban kamfanin haƙar kuza na ATMN ya gudanar da ayyukansa a nan.

Abin da ya fi jan idon baƙo shi ne gidajen da kamfanoni suka gina wa manyan ma'aikatansu. Galibinsu ba bene ba ne. Suna da rufin kwano, da baranda mai faɗi, da murhun jin ɗumi a falo mai bututun hayaƙi, saboda sanyin tsaunin Filato, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200. Tazarar da ke tsakanin waɗannan gidaje da ɗakunan leburori ta isa ta nuna yadda aka raba mutane a zamanin mulkin mallaka. Akwai kuma kulob ɗin Yelwa, inda Turawan ma'adinai suke shaƙatawa, da filin wasan golf na Rayfield da ke kusa, wanda aka kafa a 1913.

Wani gadon da bai mutu ba shi ne kamfanin lantarki na NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin bai wa injinan haƙa wuta daga ruwan Kurra. Hedikwatarsa tana Bukuru, kuma har yanzu yana aiki.

Tarihin yana da ɓangare mai ɗaci. Bayan Japan ta kame Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta dogara da kuzar Najeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa tattaro dubban mutane daga lardunan Arewa domin aikin tilas, abin da aka sani da diban gwamna. Da yawa sun rasu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwarta. Daga baya ta yi ta ja da baya, har faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar da manyan kamfanonin.

Ziyarar ba ta cika sai an leƙa Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A can ake ajiye da mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda aka fara tono su a ramukan kuza.

Ya kamata mai ziyara ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto, domin yawancin gidajen akwai mutane a ciki. Tafkunan kuwa tsofaffin ramukan haƙa ne masu zurfi. Manoman rani suna ban ruwa da su, amma sun ci rayukan masu wanka, don haka a tsaya daga baki. A watannin Disamba da Janairu a tanadi rigar sanyi.

Wasu daga cikin gine-ginen sun tsufa, wasu an sauya musu fasali, filayensu kuma sabbin gidaje na cinye su. Duk wanda ya rushe, shaida ce ta ɓace kan sana'ar da ta tara kabilu da dama a gari guda, kuma jikokin waɗanda suka yi ta suna nan a Bukuru.