Waiwaye Adon Tafiya: Abin da Karatun Tarihi a Jami'a Ya Koya Mini

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Gabatarwa

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga darasin Sira, wani ɗalibina da ya kammala sakandare ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Malam, jami'a ta ba ni gurbi, amma Tarihi aka ba ni maimakon Shari'a da na nema. Baba ya ce in haƙura in sake jarrabawa baɗi, wai me mutum zai ci da labarin matattu?" Ya san ni ma fannin na karanta bayan na gama makarantar Arabiyya, shi ya sa ya kawo mini kukansa. Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da ke biye shi ne amsar da na shirya masa, na kuma ga ya dace in raba ta da sauran matasa 'yan uwana, domin na san masu irin wannan tambaya suna da yawa.

A jami'o'inmu, ɗalibin Tarihi yakan bi ta matakai uku: tarihin duniya, da tarihin ƙasa, da tarihin garinsu ko yankinsu. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Tarihin duniya

A shekararmu ta farko muka sha karatun juyin juya halin Faransa na 1789, da bunƙasar masana'antu a Ingila, da taron Berlin na 1884 zuwa 1885 inda ƙasashen Turai suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka. A lokacin nakan tambayi kaina, ina ruwan Bakano da masaƙun Manchesta? Sai da muka zo kan labarin gyaɗa na gane.

A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da suke mulka, domin sun gaji da dogaro da audugar Amurka. Idonsu na kan ƙasar Hausa, wadda ta daɗe da shahara wajen saƙa da rini. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Amma da jirgin ya fara aiki, gyaɗa ce ta cika taragu. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, su kuwa kamfanonin Turai a daidai lokacin suna neman man gyaɗa ido rufe don yin sabulu da man shafa wa burodi. Manomi ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in farashi ya faɗi zai iya cin abarsa. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, su suka shiga tsakanin manomi da kamfani, daga nan kuma dalar gyaɗa ta samo asali.

Ka ga ke nan, mai karatu, shawarar da aka yanke a wani ɗakin taro a Ingila ta iso har gonar kakanka, shi ma kuma kakan naka ya yanke tasa shawarar da ta rushe lissafin waɗanda suka zo da jirgin. Wanda bai karanta tarihin duniya ba zai ga dalar gyaɗa a hoto kawai, ba zai san abin da ya tara ta ba.

A nan ne kuma na fara jin zafin wata magana. A 1963 wani shehun malamin Tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya bayyana a wata lacca cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar sai na Turawan da suka shigo ta, sauran duk duhu ne. Ya faɗi haka alhali Imam Ahmad ibn Furtuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Barno tun a 1576, Abdurrahman as-Sa'adi ya rubuta Tarikhus Sudan a Tumbuktu a tsakiyar ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kammala Infaƙul Maisur a 1812. Littattafan suna nan a ɗakunan malamai, da Larabci. Matsalar ita ce waɗanda suka iya karanta su ba sa jami'a, waɗanda ke jami'a kuma ba su iya karanta su ba.

Tarihin ƙasa

Waɗanda suka fara cike wannan giɓi su suka gina fannin da ake ba ɗalibina yau. Kenneth Dike na Jami'ar Ibadan ya wallafa bincikensa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta a 1956, shi ne kuma ya yi tsayin daka har aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954. Wani Bature abokin aikinsa, H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya ja hankalin masana a 1961 cewa an yi watsi da tarihin jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma. Shi ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kuma kafa cibiyar bincike ta Arewa House a gidan marigayi Sardauna da ke Kaduna a 1970. Murray Last ya zauna a gaban Wazirin Sakkwato Junaidu yana karanta wasiƙun wazirai, daga nan littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. Bayansu sai ga irin su Mahdi Adamu da bincikensa kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978, da Yusufu Bala Usman da nasa kan Katsina a 1981.

Abu biyu na ɗauka daga wannan mataki. Na farko, na san maƙwabtana. Kafin in shiga jami'a ban san komai ba game da daular Oyo, ko Benin, ko kayan tagullar da aka tono a Igbo-Ukwu waɗanda suka haura shekara dubu. Na ɗauka mu kaɗai ke da sarauta da tsari. Jahilcin da Trevor-Roper ya yi mana, ashe ni ma irinsa nake yi wa wasu. Da muka karanta yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a aji ɗaya da 'yan Kudu, kowa ya zo da labarin da ya ji a gida, kowa kuma ya fita da sanin cewa akwai gawarwakin da ba a ba shi labarinsu ba.

Na biyu, na gane cewa ƙasar da aka haɗe ranar 1 ga Janairun 1914 ta yi wa tarihinmu ƙaranci. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 Maraɗi suka koma, har yau kuma sarautar Katsina suke amsawa a can cikin Jamhuriyar Nijar. Fadar Lamiɗon Adamawa tana Yola, amma mafi yawan ƙasarsa ta faɗa hannun Jamusawa, yau tana cikin Kamaru. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a Yulin wannan shekara; ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu ke amsa sunansa har gobe. Duk wanda ya tsaya a bakin iyaka, rabin labarin zai samu.

Tarihin gida

A shekara ta uku wani malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya rubuto tarihin unguwarsu, kuma kada ya kawo abin da ya kwafa daga littafi. A ranar na ji kunya. Ina iya lissafa sarakunan Faransa da halifofin Abbasiyawa, amma ban san dalilin da ya sa ake kiran unguwannin birnin da aka haife ni da sunayensu ba. Sai da na fita tambaya na ji cewa Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna, Ayagi mazaunin Yarbawa ce tun kafin zuwan Bature, Tudun Nufawa da Zangon Barebari kuwa sunayensu sun faɗi masu su. "Turawan" da ke cikin sunan Dandalin Turawa Larabawan Arewacin Afirka ne. Ashe taswirar kasuwancin rabin nahiya tana rubuce a sunayen lungunan da nake bi kullum zuwa makaranta.

Na zauna da wani dattijo na tambaye shi shekarar haihuwarsa. Ya ce bai san lissafin Bature ba, amma mahaifiyarsa ta gaya masa an haife shi a shekarar 'Yar Buhu, wansa kuma ana goyonsa lokacin Kakalaba. Na koma na duba, na tarar 'Yar Buhu yunwar 1927 ce, Kakalaba kuwa ta 1913 zuwa 1914. Dattijon nan yana ɗauke da kalanda a kansa, ni ne ban iya karanta ta ba. Ya rasu kafin in kammala digiri, kuma akwai tambayoyi da dama da na ce zan koma in yi masa, ban koma ba. Wannan na cikin abubuwan da ke damuna har yau.

Tantance labari

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi komai amfani a karatun nan, tantance labari zan zaɓa. Ga misali. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Amma akwai wani ƙaramin littafi, Aslul Wangariyyin, da aka rubuta a 1061 bayan Hijira, wato wajen 1650, wanda ya ce shugabansu Abdurrahman Zaite ya iso Kano ne a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, har ya haɗu da Shehu Maghili. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai kusan shekara ɗari. Wanne za ka ɗauka?

A aji aka koya mana mu tambaya: wa ya rubuta, yaushe, don wa, kuma daga wa ya ji? Tarihin Kano ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, saboda haka a sigarsa ta yanzu ya fi ɗaya littafin nisa da abin da yake ba da labari. Ba ya kuma kawo shekaru, tsawon mulkin kowane sarki kawai yake faɗa. Shekarun da muke haddacewa lissafi ne da aka yi daga baya. Shi kuma Aslul Wangariyyin littafin zuriya ne, yana da sha'awar ɗaukaka kakanninsa. Yana yiwuwa ma ayari biyu ne suka zo a lokuta daban-daban. Ɗalibin kirki yakan jera hujjojin, ya faɗi wadda ta fi rinjaye a wurinsa, ya bar ƙofa a buɗe.

Ni da na fito daga karatun Musɗalahul Hadis, sai na ga ai gida na dawo. Binciken isnadi da halin mai ruwaya malamanmu suka gina shi. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya gargaɗi mai karanta tarihinsa tun a gabatarwa cewa yana kawo ruwayoyi ne da sunayen masu su, nauyin abin da ke ciki yana wuyansu. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya ƙara wani ma'auni: a auna labarin kansa da hankali da yadda al'ummomi ke rayuwa. Da haka ya ƙi karɓar adadin mayaƙa dubu ɗari shida da Mas'udi ya ba Banu Isra'ila, domin ƙasar ba za ta ɗauke su ba, kuma zuriyar mutum ɗaya ba za ta kai haka a 'yan tsatson da ke tsakani ba. Muhammadu Bello kuwa ya sanya wasiƙun Shehu al-Kanemi na Barno, masu sukar jihadin da shi kansa ya yi, a cikin Infaƙul Maisur, sannan ya ba da amsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Mu duba wayoyinmu mu gani: labarai nawa muka tura wa wasu a makon nan ba tare da mun san tushensu ba? Nawa ne daga ciki suka ɓata sunan wani malami, ko wata ƙabila?

Kammalawa

Ban ɓoye wa ɗalibina gaskiya ba. Digirin Tarihi ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki, kuma damuwar mahaifinsa tana kan hanya. Abokan karatuna wasu suna koyarwa, wasu aikin jarida, wasu aikin gwamnati, wasu kasuwa suka koma. Fannin ma ya sha wulaƙanci, domin an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Amma na gaya masa yana da abin da yawancin 'yan ajinsu ba za su zo da shi ba, wato Larabci. Dubban rubuce-rubucen kakanninmu suna ajiye a Kaduna da Sakkwato da Kano da Zariya da gidajen malamai, gara da ɗanshi suna cin wasu, masu iya karanta su kuma ba su da yawa.

Na ce kada ya yi jayayya da mahaifinsa, domin albarkar karatu tana tare da yardar iyaye. Ya je da ladabi ya zauna kusa da shi bayan sallar isha'i, ya tambaye shi sana'ar kakansa, da garin da suka taso, da dalilin da ya kawo su inda suke, ya rubuta duk abin da ya ji. Bayan nan su yi istihara su yanke shawara tare. Ko Tarihi ya karanta ko Shari'a, wannan takarda za ta yi wa 'ya'yansa amfani.

Kai ma, ɗan uwa, da ke 'yar uwa, in akwai tsoho a gidanku, kada ku jira hutu mai zuwa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.