Abin da ke sa kwamfuta mutuwa ana tsakiyar girka Windows

Kwamfutar tafi-da-gidanka kan yi aikin rubutu da intanet lafiya lau, amma da zarar an fara girka mata sabon Windows ko Linux sai ta mutu aiki bai ƙare ba. Sau da yawa laifin ba na manhajar ba ne. Girkawa aiki ne mai nauyi da ke sa furosesa, RAM da faifan ajiya su daɗe suna aiki tare ba hutawa, shi ya sa duk wani rauni da ke ɓoye a jikin na'urar yake fitowa fili a lokacin. Bin bincike daki-daki na hana mutum sayen kayan gyaran da ba ya bukata.

Mutuwa ce ko sake tashi?

Windows na kashe kwamfuta ya sake tayar da ita sau da dama yayin girkawa, kuma wannan ba matsala ba ce. Idan ta tashi ta koma shafin farko na girkawa, galibi kile USB ɗin ne ta sake karantawa. Sai a cire shi bayan tashin farko. Matsala ita ce idan fuskar ta yi baƙi, fanka ta tsaya, fitilu suka mutu, kuma ba ta tashi sai an danna maɓallin kunnawa.

Kafin a sake gwadawa, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai, domin abin da aka goge wajen girkawa da wuya ya dawo.

Zafi

Shi ne abin zargi na farko. Yawancin furosesa na yanke wuta da kansu idan zafinsu ya kai wajen digiri 100, don kada su ƙone. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai zafin watannin Afrilu da Mayu na wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma na toshe ramukan iska. Alamarsa ita ce kwamfutar ta ɗan jima a gwajin farko, amma idan an kunna ta nan take ta fi saurin mutuwa. A ɗora ta kan teburi, a guji katifa, darduma ko cinya. A saurari fanka ko tana juyawa, a fitar da ƙura, a kuma yi aikin da safe ko da dare. Tsohuwar kwamfuta ta hannu kan bukaci a canza man sanyaya da ke kan furosesa, domin yana bushewa da shekaru.

Caja da batir

Kowace kwamfuta na da ƙarfin cajar da ta dace da ita, misali wat 45, 65 ko 90. Idan an sa ƙaramar caja ga mai bukatar babba, ko jabu, wuta kan gaza lokacin da aiki ya yi nauyi. A gwada lambobin da ke jikin cajar da na ƙarƙashin kwamfutar. Idan batir ya mutu, ko ƙiftawar ido aka ɗauke wuta kwamfutar za ta mutu, haka ma idan injin wuta na hawa da sauka. Inda batirin ke cirewa, a cire shi da caja, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a gwada da caja kaɗai. Batirin da ya kumbura haɗari ne, ba a huda shi, ba a kuma ci gaba da amfani da shi.

Gwajin BIOS

A shiga BIOS, galibi da F2, F10 ko Esc, a bar kwamfutar a nan kamar rabin awa. Idan ta mutu a wurin, Windows ba shi da hannu, matsalar ta kayan ciki ce. Kwamfutocin Dell na da gwajin kansu ta F12, na HP kuma ta Esc sannan F2. Kada a taɓa sabunta BIOS a kwamfutar da ke mutuwa, domin yankewar wuta a tsakiya na iya hana ta tashi gaba ɗaya.

RAM, faifan ajiya da kile USB

Idan kullum a wuri ɗaya girkawar ke tsayawa, ko shuɗin shafi na fitowa, hankali ya koma kan waɗannan ukun. Manhajar Memtest86+ kyauta ce, tana gano RAM mai lahani. Idan RAM biyu ne a ciki, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan kwamfutar ta yi aiki da Ubuntu daga kile USB ba tare da an girka shi ba, amma tana mutuwa da an fara rubutu kan faifai, to faifan ajiya ne abin dubawa. Shi kansa kile ɗin kan lalace: a samu wani mai aƙalla giga 8, a sauko da Windows daga shafin Microsoft, a sake haɗa shi, a kuma canza ramin USB.

Windows 11 na bukatar aƙalla RAM giga 4, wurin ajiya giga 64 da TPM 2.0. Kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗan ba saƙon ƙin amincewa take nunawa, ba mutuwa take yi ba.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Idan an share ƙura, an canza caja, RAM da faifai sun ci gwaji, amma tana ci gaba da mutuwa, mai yiwuwa babban allon lantarkin da ke ciki ne ya samu matsala. A faɗa wa mai gyara minti nawa take yi kafin ta mutu, a wane mataki, da gwaje-gwajen da aka riga aka yi. A kuma tambayi kuɗin gyara tun kafin ya fara, domin a tsohuwar kwamfuta canza wannan allo kan kusan kai kuɗin wata ta hannu.