Siyasar Lallashi: Nazari a Kan Yarjejeniyar Munik ta 1938

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba dalilan da suka sa Ingila da Faransa suka yi ta lallashin Hitila daga 1935 zuwa 1939, mu kuma auna abin da wannan siyasa ta haifar.

Yadda Al'amarin Ya Gudana

A 1935 Hitila ya maido da aikin soja na tilas, abin da Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta hana. A Maris 1936 ya shigar da sojoji yankin Rainland, a Maris 1938 kuma ya haɗe Ostiriya, ba wanda ya ɗaga masa yatsa. Daga nan ya nemi yankin Sudeten na Cekoslobakiya, inda Jamusawa kimanin miliyan 3 suke zaune. A taron Munik na 29 zuwa 30 ga Satumba 1938, Chamberlain da Daladier da Musolini suka amince a ba shi. Ba a ba masu ƙasar kujera a zauren ba, ba a kuma gayyaci Tarayyar Sobiyet ba.

Dalilai

Bai kamata mu yi gaggawar kiran Chamberlain matsoraci ba. Ingila ta yi asarar sojoji fiye da 700,000 a Yaƙin Duniya na Farko, jama'arta kuwa suna fargabar ruwan bamabamai. Ga tsoron kwaminisanci, ga kuma masu ganin cewa an zalunci Jamus a Basai. Kuskurensa, a ganinmu, shi ne ɗaukar cewa buƙatun Hitila suna da iyaka.

Wasu masana na cewa shekarar da aka samu ta ba Ingila damar ƙera jiragen yaƙi. Wannan gaskiya ne, amma Jamus ma ta ci riba, domin ta gaji ganuwar tsaron Cekoslobakiya, daga baya kuma ta mallaki masana'antar makamai ta Skoda.

Kammalawa

Ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Farag, birnin da ba na Jamusawa ba, sai hujjar lallashi ta rushe. Stalin ya ƙulla tasa yarjejeniya da Hitila a Agusta, aka afka wa Folan ranar 1 ga Satumba. Darasin da muke ɗauka shi ne, sulhu ba aibu ba ne, amma wanda ya ba kura ajiyar naman maƙwabcinsa, to ya shirya, gobe garkensa za ta nufa.